Rabin Tuwon da Yaya Mudi Yake Bari

Ni ɗan kasuwa ne, ban iya fara magana ba sai na baje kaya kowa ya gani. Ga abin da muka kusa rasawa a daminar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki: wana guda ɗaya da ya rage mini a duniya, da hankalinsa, da aikinsa na masinja wanda saura kaɗan ya ajiye ya fara cin fansho, da gida cike da iyali a Ƙofar Guga wanda ba mai fita nema sai shi. Na rubuta wannan ne don duk wanda yake da mai hawan keke a gidansa ya karanta, ya kuma karanta wa tsofaffin gidan.

Sunana Sada. Kekuna nake saye da sayarwa, sababbi da na hannu. Da faci na fara a gefen kasuwa, har Allah ya ba ni shago. Wana shi ne Malam Mudi, kuma shi ya saya mini famfon farko da na fara sana'a da shi.

Yaya Mudi bai taɓa son titi ba. Tun ina saurayi hanyarsa daga gida zuwa ofis a GRA ɗaya ce. Ya kutsa ta lungunan cikin gari, ya bi ta gindin wata tsohuwar tsamiya da ke bakin kududdufi, ya wuce shagon Malam Rabe tela, sai can wajen ƙarshe ya tsallaka kwalta. A lungu keke yana da ladabinsa. Duk kwana sai ka kaɗa ƙararrawa kafin ka sha ta, saboda akuya ko mace da tulu. In ka iso majalisar dattawa ka sauka ka tura, ka gaisa, ka wuce su sannan ka hau. Da baburan kabu-kabu suka yi yawa, mutanen unguwa suka riƙa tara ƙasa a gicciye a tsakiyar lungu, wasu su binne kututture, don dole mai gudu ya taka birki. Yaya yana son waɗannan tuddai kamar shi ya ɗora su.

Nakan yi masa tsiya. "Yaya, tahiyar nan taka ai rabinta gaisuwa ce."

Sai ya ce, "To mi ake sauri, Alhaji? Takarda ba ta ruɓewa." In ya kira ni Alhaji, tsokana ce. In magana ta gaske ce, Sada yake cewa.

A makon farko ba wanda ya tsorata. Matarsa, Yaya Abu, ta aiko a kira ni, ta ce Malam yana fama da ciwon kai, ƙwayar kemis ta ƙi yi. Na same shi a zaure ya ɗaure kai da rawani tamau, alhali shi mai hula ne. Na ɗauke shi zuwa asibiti da sassafe. Muka yanki kati, muka zauna a benci har aka kira azahar, muna kallon masu sababbin huluna na siyasa suna shiga ta ƙofar gefe. Da muka samu shiga, likitan matashi ne, a gajiye yake, amma ban ga laifinsa ba. Ya auna jini ya ce ya ɗan hau. Ya tambayi Yaya a gabana, da Hausa mai kyau, ko ya faɗi ko ya bugu da wani abu a kwanakin nan. Yaya ya dube shi ido cikin ido ya ce a'a. Aka ba mu maganin hawan jini da na zazzaɓin sauro muka dawo.

A mako na biyu ne abin ya canja kama.

Na je duba shi da la'asar sakaliya, Yaya Abu ta yafito ni bakin ɗakin girki. Ta nuna mini kwanon tuwonsa. An cinye rabi, an bar rabi, kuma rabewar ta tafi sak kamar an sa wuƙa. Ɓangaren dama an suɗe shi tas har miya. Ɓangaren hagu ko yatsa bai taɓa ba.

Ta ce, "Kwana nawa ke nan haka. In na ce Malam ka bar saura, sai ya ce wane saura. Tsaya ka gani."

Ta ɗauki kwanon ta mayar gabansa, ta juya shi a hankali har tuwon ya dawo dama. Yaya ya duba, fuskarsa ta saki, ya ce, "Madalla, an ƙaro." Ya sa hannu ya cinye.

Na yi dariya a lokacin don kada ta ga abin da ya taso mini. Da na zo fita na ga takalmansa a bakin ƙofa. Na dama ya yi ƙura da taɓo, na hagu fes. Da ƙafa ɗaya babu takalmi yake yawo, bai kuma sani ba.

Bayan wannan da 'yan kwanaki wani maƙwabcinsu ya zo shagona wajen tsakar rana ya ce in zo in ga Malam. Na hau babur na bi shi. Lungun tsamiya a irin wannan lokaci tsit yake, maza sun tafi nema, mata suna ciki, ko kaji sun shige inuwa. Tun daga nesa nake jin ƙararrawar. Ba a gaggauce ake kaɗa ta ba. Ƙir, a ɗan jira, ƙir. Na same shi tsaye, keke a tsakanin ƙafafunsa, jakar takardu a ɗaure a kariya. Tun safe ya bar gida. Gabansa bango, damansa kududdufi ya cika da ruwan sama, kore shar. A hagunsa lungun yana nan a buɗe, ya miƙe har shagon Malam Rabe, ba ko kyanwa a ciki.

Na ce, "Yaya, mi kake jira?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Hanya ta ɓace, Sada. Nan take jiya."

"Ga ta nan kuwa."

"Ina?"

Na kama kan keken na karkata shi hagu. Ya kalli lungun kamar yanzu aka tsaga shi a gabansa. Ya ce a hankali, "Sun buɗe." Ban tambaye shi su wa ba. 

Kafin magariba labari ya kai wa Gwaggo Hinde, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ta rage a manya, kuma maganarta ce ƙarshe a gidanmu. Ta zo da sandarta ta zauna a tsakar gida, aka kawo mata kwanon ta duba. Ba ta yi mamaki ba.

Ta ce, "Kada wanda ya sake juya mashi kwano. Rabin nan ba naku ba ne, na mai shi ne. Shekara da shekaru yaron nan shina bi ta gindin tsamiyar can shina kaɗa masu ƙararrawa a ka. Yanzu sun gaji."

Na ce, "Gwaggo, duk unguwar ta nan suke bi."

Ta ce, "Kai ɗan nan, kai kekuna ka sani. Bar mu da abin da muka sani."

A mako na uku gidan ya koma warin hayaƙi. An kawo rubutu ya sha, an yi turare da saiwoyi, an kira wani malami ya yi masa karatu, an yanka zakara an yi sadaka. Ban hana ko ɗaya ba. Addu'a ba ta cutar da kowa, kuma malamin mutumin kirki ne, har cewa ya yi mu haɗa da asibiti. Abin da ya kusa kashe mana mutum shi ne hukuncin da Gwaggo ta yanke a kan hanya. Ta ce daga yau kada ya ƙara bi ta lungu. Ya bi titi, inda ake da jama'a da ƙarar ƙarfe, don iskoki ba sa son hayaniya.

Da ma ya zauna a gida ne, da sauƙi. Amma Yaya ya ƙi. Sababbin shugabanni sun shiga ofisoshi, ana tantance ma'aikata, ana rade-radin za a sallami tsofaffin masinjoji a sa samari masu babur. Ya ce in ya yi fashi sunansa za a fara sokewa. Saboda haka ya koma titi, kuma abin da ya ƙara ɗaure mana kai shi ne yana isa ofis. Titi miƙaƙƙe ne, ba tsamiya, ba tsayawa. Mata suka fara cewa an samu sauƙi. Dawowarsa ce kawai take daɗewa, sai ya yi wani dogon zagaye ya ɓullo ta bayan gari, ba wanda ya gane dalili. Rabin tuwon kuwa yana nan, Yaya Abu tana zuba wa kaji a ɓoye tana kuka.

Ni a sana'ata ban yarda da kayan da aka ce mini sun gyaru ba sai na hau na gwada. Wata safiya na bi shi a baya da babur ba tare da ya sani ba.

Wanda bai ga titin Katsina a wannan shekara ba, ba zai gane ba. Zaɓe ya wuce amma murna ba ta ƙare ba. Kullum da wanda ake rakawa ya kama aiki. Ayarin bas-bas cike da samari, wasu a kan rufi, wasu sun rataya a ƙofa, ga kiɗa, ga 'yan kabu-kabu suna ratsa tsakani kamar ƙudaje. Mai keke a gefen dama yake tafiya, duk abin da zai wuce shi ta hagunsa yake wucewa. Sai a nan na haɗa abin a kaina: kwano, takalmi, lungu. Duk hagu ne.

Na ga wata tifa ta zo ta wuce shi, tazararsu ba ta kai kamu ɗaya ba. Iskarta ta ɗaga babbar rigarsa. Duk mai keke in haka ta faru sai ya zabura, ya ɗan kauce, ko ya yi salati. Yaya ko ƙyafta ido bai yi ba. Yana tuƙi a natse, kansa a ɗan karkace dama, kamar shi kaɗai ne a duniya. Sannu a hankali keken yana jan hagu, yana shiga tsakiyar kwalta. Ayari ya taho daga baya, direban bas ɗin farko ya danna oda ya kauce, samarin suna zaginsa, wani har ya miƙo hannu ya fizge masa hula. Bai san an yi ba. Sai ya kaɗa ƙararrawa, ƙir, kamar yana shan kwanar lungu.

Na sha gabansa na tare shi. Na riƙe kan keken.

Ya ce, "Alhaji, yau kuma sanɗa ka koma yi?"

Na ce, "Sauka, Yaya."

"Kai ne babba ko ni?"

"Kai ne. Sauka."

Na sa shi a tasi na tura gida, na bar babur ɗina a wani shago, na turo keken da ƙafa ta cikin lungu don in huce. Da na zo shagon Malam Rabe tela, abokin Yaya ne tun makarantar allo, ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi gida da kasuwa da jikin Malam. Sannan ya ce, "Alhaji, an ce kun ɗora wa tsamiyarmu laihi."

Na ce, "Gwaggo ce."

Ya ce, "A gaishe ta. Zo in nuna maka wani abu."

Ya ja ni gefen bango. A jikin ginin ƙasa, daidai ƙugun mutum, akwai wani zane ya tafi a miƙe, ya katse a ƙofar gida ya ci gaba a bango na gaba. Na jingina keken, bakin hannunsa na hagu ya shiga zanen daidai. Muka bi shi baya, ya wuce tsamiya, ya tafi har kusa da gidan Yaya. Yana goga bango da keke kullum bai sani ba.

Malam Rabe ya ce, "Wanga zane ya riga tsayuwar da ya yi a gindin tsamiya. Kuma bari in hwaɗa maka. Bayan rantsuwar sababbin shugabanni akwai kwanakin da bai bi ta nan ba sam. Har muka ce ko Mudi ya samu muƙami ya daina gaisuwa. Da ya dawo, ya wuce majalisarmu a kan keke bai sauka ba, mu muna hagu. Mutumin da ko ruwa ake sai ya sauka. Abin da ya kama shi, ba a nan ya kama shi ba. Da shi ya dawo mana."

A nan take na kifa keken, tayoyi sama. Wata guda yana gabana ban dube shi da idon ɗan kasuwa ba, don ba na sayarwa ba ne. Ƙarfe biyun da suke riƙe da tayar gaba fentinsu ya fi na sauran jiki baƙi. Na kankare da farce, ƙarƙashinsa shuɗin wuta ne, alamar an gasa an miƙe. Wayoyin tayar gaba rabinsu sababbi. Ƙararrawar ta lotsa a gefe. In wani ya kawo mini wannan keke ya ce bai taɓa haɗari ba, ko tayi ba zan yi ba. Na kuma san hannun da ya yi gyaran. Lawai mai faci ne, na bakin shataletale, shi kaɗai yake shafa fenti da tsumma.

Lawai ya fara da rantse-rantse. Na ce masa mutumin yana mutuwa. Sai ya ajiye abin hannunsa ya faɗa mini. A kwanakin da sababbin shugabanni suka shiga ofis, Yaya ya koma bin titi don a ga shi ma yana da sauri. Wata rana ɗan kabu-kabu yana gudun ayari ya kwashe shi. Kansa ya bugi kwalta ta dama, ya yi ɗan lokaci bai motsa ba, aka yayyafa masa ruwa ya tashi. Ba jini, ba karaya. Jama'a suka taru kamar yadda aka saba. Yaron yana kuka, dattawa suna cewa ƙaddara ce, Malam a yi haƙuri, a yafe, kada a kai ga 'yan sanda. Yaya ya ce ya yafe duniya da lahira. Aka yi fatiha, aka kaɗe masa riga, aka miƙa masa hularsa, kowa ya watse yana yaba halinsa. Shi kuma ya roƙi Lawai ya gyara keken yadda ba za a gane ba, don in ofis suka ji za su ce tsufa ne.

Na ce, "Ba wanda ya ce a kai shi asibiti?"

Lawai ya ce, "Ai ya yahe, Alhaji. Magana ta ƙare."

Na isa gida na tarar jiki ya rikice. Yana kwance, ya yi amai, barci yana fizgarsa da rana tsaka. Da na zauna kusa da shi ya buɗe ido ya yi mini raɗa.

"Sada, hannun wa ne wanga a kan shimhiɗata?"

Na duba. Hannunsa ne na hagu, kwance a kan zane, da zoben azurfarsa.

Na ce, "Naka ne, Yaya."

Ya ce, "A'a. Nawa ga shi nan. Wanga tun jiya shina nan, sanyi gare shi. Ka ce wa mai shi ya ɗauka, ban son rigima."

Gwaggo tana bakin ƙofa ta ji. Ta ce, "Kun ji ko?" Na ce na ji, kuma yanzu za mu asibiti. Na faɗa mata labarin Lawai. Ta ce bugun da aka yi makonni da suka wuce, mutum ya tashi da ƙafarsa, shi ne zai sa hannu ya zama na wani? Gaskiya ni ma a ranar ban san amsa ba. Keken kawai na yarda da shi.

Wannan karon ban zauna a benci ba. Na goya shi a baya na shiga, masu gadi suna magana ban tsaya ba. Likitan nan matashi muka samu. Na ce masa kansa ya bugi kwalta, ya suma, ya ɓoye mana. Likitan ya ajiye biro. Ya haska masa ido, ya ɗaga hannuwansa biyu ya saki, na hagu ya faɗi kamar tsumma. Ya ce, "Baba, ai na tambaye ka." Yaya ya riga ya koma barci. Likitan ya ce ba su da na'urar ɗaukar hoton cikin kai, mu wuce Zariya, kuma kada mu kwana.

Mako na huɗu da na biyar a Zariya muka yi su, ni da Yaya Abu. Ba zan ɓoye ba, mun sha wuya. Layin biyan kuɗi daban, na hoto daban, na jini daban, kowanne a wani gini. Komai sai ka fita waje ka sayo, har safar hannu. Masu jinya a gindin bishiya muke yini da tabarmi da kula. Na aika gida a karyar da kekunan shago, 'yan kasuwa 'yan'uwana suka ji ina cikin matsi suka saya a wulaƙance. Ban riƙe su ba, ni ma na taɓa sayen irin wannan. A gefe guda kuma, wani Bazazzagi mai jinyar mahaifiyarsa, wanda ban taɓa gani ba, ya ba da jininsa ya ƙi karɓar ko kuɗin shayi. Wata nas Kirista ita ta koya wa Yaya Abu yadda ake juya mara lafiya kada bayansa ya yi gyambo. Allah ya saka musu.

Babban likitan ya ɗora hoton a jikin fitila ya nuna mini wani farin jinjirin wata a ɓangaren dama na kan. Maganarsa tana nan a kunnena. Ya ce, "Ka san rufin soro in indararo ya toshe? Ruwa ba ya rushe shi ranar da aka yi sama. Kwanciya yake yi, yana nauyi a hankali. Jini ne ya kwanta a nan tun ranar da ya faɗi. Dama ce aka danne, shi ya sa hagu ta ɓace masa." Ya ce za su huda ƙashin su zubar.

Da saƙo ya kai Katsina, Gwaggo ta aiko cewa ba ta yarda a huda kan ɗan wanta kamar ƙwarya ba. Na dubi Yaya Abu. Tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa jin ta ƙetare maganar Gwaggo ba. Ta ce, "Alhaji, ni ke zuba wa kaji rabin tuwon nan. Sa hannu." Na sa.

An yi aikin da hantsi. Ya farka washegari yana neman ruwa, ya kira ni Alhaji, na san tsokana ta dawo. Amma ni ba wannan nake jira ba. Da aka ce ya fara cin abinci, Yaya Abu ta roƙi wata mai jinya murhu ta tuƙa tuwon shinkafa. Ta ajiye masa kwanon ta koma gefe, ta kama bakin mayafinta da haƙori. Ya fara daga dama. Ya ci, ya ci, har ya iso tsakiya. Hannun ya tsaya. Ya ɗan daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya miƙa yatsu ya tsallaka ya gutsuro daga hagu. Yaya Abu ta fita waje da sauri. Ni kuma na yi kamar ina gyara labule.

Jinyar gida ta fi ta asibiti tsawo. Har kaka ta shigo muna ɗaga shi, muna matsa masa hannu da man shanu kamar yadda aka nuna mana, muna sa shi tsintar tsabar masara da yatsun hagu. Da ya fara taka ƙasa, a lungu ya koyi tafiya, yana dafa bango, daidai kan zanen da kekensa ya yi. Duk majalisar da ya iso sai a miƙo masa kujera. A kan titi mutane da yawa sun ga faɗuwarsa, sun yi masa fatiha, ba wanda ya san gidansa balle ya biyo ya ga yadda ya kwana. A lungu kuwa rashin saukarsa daga keke sau ɗaya ya isa a san ba lafiya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe kaɗan ne. In an kaɗe naka, ku yafe wa yaron, wannan tsakaninku da Allah ne, amma daga wurin ku wuce asibiti ko da ya tashi yana dariya. In tsoho ya fara abin da ba a gane ba, kafin a tuhumi tsamiya a kifa kekensa a duba. In kuma akwai lungu da zai kai ka inda za ka, bi lungun, ka sha tuddan, ka yi gaisuwar.

Gwaggo har yau ba ta sauka daga maganarta ba. Ta ce ta ramin da likita ya huda iskokin suka fita. Ban yi musu da ita ba.

Yanzu ga lissafi. Aiki ya tafi, an soke sunansa muna Zariya, abin da ya ɓoye ciwon don ya tsare shi, sai da ƙyar muka samo masa wani abu daga haƙƙinsa. Hannun hagu bai dawo da ƙarfin kama birki ba, don haka hawan keke ya ƙare. Shagona ya koma rabi, ina sake tara shi. Wannan ita ce asara. Riba kuwa, wana yana nan da ransa da hankalinsa. Kullum da safe yana turo keken da ƙafa ta gindin tsamiya, ya kaɗa ƙararrawa, ya sha kwanar hagu da kansa, ya zauna wajen Malam Rabe su yi ta musu a kan sababbin shugabanni. Na auna biyun, ban faɗi ba.

Abu ɗaya ne ban san ɓangaren da zan sa shi ba. Duk lokacin da ya ci tuwo yana cinyewa tas, sai loma ɗaya da yake bari a gefen hagu na kwanon. Rannan na tambaye shi. Na ce, "Yaya, ba ka gan ta ba ne?"

Ya ce, "Ina ganinta sarai, Sada. Na kuma san ba kowa a wurin." Ya wanke hannu, ya ɗan dubi gefensa na hagu. "Sai dai mun daɗe tare."